Katin Shiga Mota: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Ɗauki Nauyi?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a biranen ƙasar nan ya san rigimar canji. Ka miƙa wa kwandasta naira 1,000, ya karɓa ya cusa a aljihu, ya ce ka jira. Ka iso inda za ka sauka, sai ya haɗa ka da wani fasinjan da ba ka taɓa gani ba, ya danƙa muku takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba, mota ta ja ta bar ku a bakin titi kuna kallon juna. Haka nan ya san yadda kuɗin mota ke tashi da zarar hadari ya haɗo ko magariba ta kawo jiki, alhali fetur bai ƙara ko kwabo ba tun safe, illa dai direba ya ga jama'a sun yi cirko-cirko a tasha. Saboda haka idan aka zo wa mutum da labarin wani kati na roba mai ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, wanda zai zuba wa kuɗi kamar yadda yake zuba wa wayarsa, ya ɗora shi a kan na'ura a ƙofar mota ta cire abin da aka ƙayyade, babu ciniki babu cacar baki, ba abin mamaki ba ne ya yi lale marhabin.

Legas ta riga ta yi nisa a wannan hanya. A shekarar 2020 hukumar sufurin birnin, LAMATA, ta fito da katin Cowry, wanda ake shiga manyan motocin BRT da jiragen ruwa na gwamnati da shi, haka kuma jiragen ƙasa na cikin gari: wanda ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumban 2023, da wanda ya biyo baya tsakanin Oyingbo da Agbado a Oktoban 2024. Mu kuwa a Arewa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatocin jihohi da dama sun sayo manyan motoci don rage wa jama'a raɗaɗi, kuma duk inda aka tara motocin gwamnati, ko shakka babu masu tallar kati da na'ura suna nan tafe da takardun kwangila a hammata. Ni ba na cikin masu ƙyamar katin. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, katin ba ya rage kuɗin mota ba ya kuma ƙara shi. Ƙa'idojin da aka shigar cikin kwamfutar da ke bayansa su ne ke yanke hukuncin wanda zai samu sauƙi da wanda za a tatsa, kuma a mafi yawan lokuta ana rubuta waɗannan ƙa'idoji ne a ofis, tsakanin jami'i da ɗan kwangila, ba tare da an ji ta bakin ko da fasinja ɗaya ba.

Birnin da ya fi dacewa mu duba shi ne Landan, domin ya kwashe sama da shekara 20 yana gwada wannan abu, kuma kura-kuransa da gyare-gyarensa duk a bayyane suke. An ƙaddamar da katin Oyster a 2003, zamanin magajin gari Ken Livingstone. Da jama'a suka yi jan ƙafa, sai hukumar sufurin birnin ta ɗauko bulala: ta riƙa ɗaga kuɗin mai biya da tsabar kuɗi tana barin na mai kati a ƙasa. A farkon 2007, tafiya ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birni fam 4 ce ga mai tsaba, fam 1.50 ga mai kati. A bas kuwa mai tsaba ya biya fam 2, mai kati fam 1. Kujera ɗaya, hanya ɗaya, direba ɗaya, amma wani na biyan ninkin abin da maƙwabcinsa ya biya. To su wane ne suka ci gaba da biya da tsaba? Baƙi, da wanda ya shigo daga wani gari don wata buƙata ta yini ɗaya, da wanda abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin tafiyar da zai yi a lokacin ba.

Masu kare wannan mataki suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Karɓar tsabar kuɗi ma kuɗi take ci: a ƙirga, a tsare, a kai banki, ga lokacin da mota ke ɓatawa a tasha ana neman canji, ga abin da ke zurarewa tsakanin hannun mai karɓa da asusun hukuma. Lokacin da motocin bas na Landan suka daina karɓar tsaba gaba ɗaya, ranar 6 ga Yulin 2014, hukumar ta ce kusan kashi 1 cikin 100 na tafiye-tafiye kawai ake biya da tsaba, amma hidimar karɓarta na lashe kusan fam miliyan 24 a shekara. Wannan lissafi ne mai ma'ana. Sai dai a lura da cewa shekara 11 aka yi tsakanin fitowar katin da hana tsaba, kuma a lokacin akwai ƙananan shaguna kusan 4,000 a unguwanni inda mutum zai zuba wa katinsa kuɗi. Wanda zai kwaikwayi ƙarshen labarin, to ya kwaikwayi tsawon haƙurin da aka yi kafin a kai can.

Wurin da na fi so mu tsaya a kai shi ne batun rangwame, domin a nan ne tsohon zalunci yake, tun kafin a ƙirƙiro kati. A kusan kowane birni mai tsarin sufuri, tikitin mako ko na wata ya fi araha a kan sayen tikiti ɗai-ɗai. To amma wa ke iya ajiye kuɗin wata guda a dunƙule? Ma'aikaci mai albashi. Leburan da ake sallama kullum da yamma, da mai wankin mota, da mai aikatau a gidaje, ba su da wannan hali, don haka su ne ke biyan farashi mafi tsada, tafiya bayan tafiya, har wata ya ƙare sun kashe fiye da abin da mai hali ya kashe. Talauci da kansa ya zama abin da ake cin mutum tara a kai. Kati yana iya warkar da wannan ciwo ta hanyar da tikitin takarda ba zai taɓa iyawa ba, wato a sa iyaka: na'ura ta riƙa ƙirga abin da ka biya, da zarar ya kai kuɗin tikitin yini, sauran tafiye-tafiyenka na ranar kyauta ne. Landan ta fara wannan iyaka ta yini a 2005, kuma a ganina ita ce babbar alherin da Oyster ya kawo.

Amma dubi abin da ya biyo baya. A Satumban 2014 aka buɗe wa masu katin banki damar shiga jirgi da shi kai tsaye, aka kuma ba su iyaka ta mako, daga Litinin zuwa Lahadi. Masu riƙe da Oyster, waɗanda a cikinsu ne ake samun marasa asusun banki, ba su samu wannan iyaka ta mako a bas ba sai a Disambar 2018, a jiragen ƙasa kuwa sai a Satumban 2021. Shekara 7 ke nan mai asusun banki yana cin wani rangwame da marar asusu ba ya samu sai in ya iya sayen tikitin mako a dunƙule. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa talaka wannan sharri; hukumar ta danganta jinkirin da tsufan fasahar katin. Amma aljihu bai san uzuri ba. Katin da kansa ma, wanda a da ajiyar fam 5 ake bayarwa a karɓe shi, a mayar wa mutum kuɗinsa ranar da ya mayar da katin, a Satumban 2022 ya koma fam 7 da ba a mayarwa. Mai katin banki kuwa bai biya ko sisi ba don samun izinin shiga.

Sai batun sauya mota, wanda ya fi kowanne shafar mu. A Abuja, masu kuɗi suna Maitama da Asokoro, kuma ba su san ƙofar bas ba. Masu share musu ofis da masu gadin gidajensu suna Nyanya, Mararaba, Masaka, Zuba da Suleja, kuma kafin su iso bakin aiki sai sun hau abin hawa biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa. Haka yake ga wanda zai taso daga Rimin Kebe ko Ɗorayi zuwa Kantin Kwari a Kano. Ba don sha'awa mutum ke sauya mota ba. Tsadar haya ce ta tura shi bayan gari, sannan tsarin hanyoyi ya ƙi ba shi mota ɗaya da za ta kai shi. A birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, inda matalauta su ma suke zaune a gefen gari, magajiyar gari Marta Suplicy ta fito da katin Bilhete Único a 2004, wanda ya ba mutum damar biya sau ɗaya ya sauya bas cikin awa 2 ba tare da ƙarin kuɗi ba. Landan ba ta yi irin wannan a bas ba sai a Satumban 2016, ƙarƙashin Sadiq Khan, wanda mahaifinsa direban bas ne: ka biya fam 1.50, bas na biyu cikin awa ɗaya kyauta, daga Janairun 2018 kuma ko nawa ka shiga cikin awar. Abin lura a nan shi ne, na'urar Oyster tana nan tun 2003. Shekara 13 aka yi ana cajin mai sauya bas kuɗi biyu, har sai da wani ɗan takara ya ɗauki maganar ya kai ta gaban masu zaɓe.

Akwai kuma tambayar da ba ta da amsa guda: a biya daidai da nisan tafiya, ko kowa ya biya kuɗi ɗaya? Da jin farko, biya daidai da nisa shi ne adalci, kuma a kan haka ne Kigali ta ƙasar Ruwanda, mai amfani da katin Tap&Go, ta fara gwada shi a ƙarshen 2024, domin mai sauka a tsakiyar hanya ya daina biyan kuɗin zuwa ƙarshenta. Amma a birnin da talauci ke ƙaruwa gwargwadon nisanka da tsakiyar gari, wannan tsari nauyinsa a kan mutumin Masaka zai faɗa. Kuɗin bai-ɗaya kuwa, irin na bas ɗin Landan, yana sa mai gajerar tafiya ya tallafa wa mai doguwa. Ni dai a Abuja na fi karkata ga kuɗin bai-ɗaya, ko shiyya biyu kacal. A wani garin amsar na iya bambanta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar wa mai haɗa manhajar kwamfuta wannan hukunci. Wani hanzari ba gudu ba: tsarin biya da nisa yana buƙatar a ɗora kati a shiga a kuma ɗora a fita, wanda ya manta kuwa a cire masa kuɗi mafi yawa. A jiragen Landan an yi shekaru ana tara miliyoyin fam daga irin wannan mantuwa, kuma mai wayar zamani da lokacin bin kadi shi ke karɓo nasa.

Yanzu mu zo ga kuɗin kafa tsarin, wanda ba kasafai ake ambatonsa ranar yanke kirtani ba. Jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya ta ba da kwangilar katin myki a 2005, da nufin ya fara aiki a 2007. Bai shiga jiragen birnin Melbourne ba sai a ƙarshen 2009, ba a kuma yi ban kwana da tsohon tikiti ba sai a ƙarshen 2012, kuɗinsa ya kai kimanin dalar Ostareliya biliyan 1.5. Bayan duk wannan, aka soke shirin tikitin tafiya ɗaya, ya zamana ko baƙon yini ɗaya ne sai ya sayi kati. Idan ƙasa mai arziki da ƙwararrun masu binciken kuɗi ta faɗa wannan rami, ina ga mu? Kowace naira da ta tafi ga na'ura, da kamashon kamfani a kan kowace tafiya, naira ce da ba ta sayi taya ko sabuwar mota ba, kuma a ƙarshe daga wuri biyu kawai za ta fito: kuɗin mota ko baitulmali. Ita Landan, da ta ga kwangilar da ta ƙulla da kamfanin TranSys ta yi mata tsada, ta ba da sanarwar yanke ta a 2008, ta kuma sayi sunan Oyster ya zama mallakarta. Gwamnatin da ba ta mallaki bayanan fasinjojinta da makullin tsarinta ba, ranar sabunta kwangila sai yadda kamfani ya ce.

Ga kuma wata tambaya da ban cika jin ana yi ba. Kuɗin da fasinja ya zuba a kati bai kai ga kashewa ba, a hannun wa yake kwana? A ƙaddara mutum 500,000 ne ke da kati, kowanne da ragowar naira 1,000 a ciki. Naira miliyan 500 ke nan zaune a wani asusu, bashi ne da talakawa suka bayar ba tare da an nemi yardarsu ba, kuma duk abin da kuɗin ya haifa a banki ba su za su gani ba. A Landan, ragowar da ke kan katunan Oyster da aka daina amfani da su ta kai ɗaruruwan miliyoyin fam, ko da yake can doka ta bar wa mai kati damar karɓar abinsa duk ranar da ya waiwaya. A nan fa? Wanda katinsa ya ɓace, ko ya rasu, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ina ragowarsa za ta?

Nairobi ta ƙasar Kenya ta nuna wani ɓangaren. A 2013 kamfanin Google da bankin Equity suka fito da katin BebaPay don ƙananan motocin haya da ake kira matatu, gwamnati kuma ta sa wa'adin hana tsabar kuɗi a 2014. Direbobi da yaran mota suka ƙi, domin a cikin tsabar nan abincinsu yake, abin da ya saura bayan an cika wa mai mota balas. A 2015 aka rufe BebaPay. Wanda ya san tashoshinmu, da 'yan kamasho da 'yan ƙungiya, ya san cewa labarin ba zai bambanta ba idan aka yi yunƙurin tilasta wa masu A Daidaita Sahu kati da ƙarfin hukuma. Yaron mota ma ɗan ƙasa ne mai iyali, kuma lissafin da bai sa shi a ciki ba bai cika ba.

Kada a ce na rufe ido ga amfanin katin a gida. A Agustan 2023, da tsadar fetur ta kai intaha, gwamnan Legas Babajide Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin motocin gwamnati, kuma saboda akwai Cowry, ragin ya isa hannun fasinja kai tsaye, babu wani a tsakani da zai ce shi bai ji sanarwa ba. Ta wannan hanya ce kuma za a iya ware wa ɗalibai da tsofaffi da naƙasassu nasu farashi, kamar yadda Landan ta ba yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga bas kyauta tun 2005. Sai dai maɓallin da ya rage shi ne ke ƙarawa: rangwamen rabin bai wuce 'yan watanni ba, a Fabrairun 2025 kuma aka ƙara kashi 18 cikin 100. Ƙarin da kwandasta zai sha ihu kafin ya karɓa, na'ura tana cire shi shiru, mutum bai ankara ba sai ya ga katinsa yana saurin ƙarewa.

Mu a Arewa muna da ƙarin dalilin yin taka-tsantsan. Binciken da ƙungiyar EFInA ta fitar na shekarar 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kusa rabi. Kuma ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun naira, da aka tura jama'a ga tura kuɗi ta waya da ƙarfin tsiya, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, masu POS suka riƙa sayar wa mutane kuɗinsu da tsada. Idan zuba naira 500 a katin mota zai ci ladan naira 50 ko 100 a wurin mai POS, to an ƙara wa mai ƙaramin ƙarfi kashi 10 ko 20 cikin 100 ta bayan gida, alhali mai zuba naira 20,000 daga wayarsa bai ji komai ba. Farashin da ke rubuce a jikin mota ɗaya ne, abin da ke fita daga aljihu kuwa ya bambanta.

Don haka, ga 'yan majalisun jihohi da kwamishinonin sufuri, da mu 'yan boko da za a gayyata taron ƙaddamarwa mu tafa, akwai abubuwan da ya kamata a gani a rubuce kafin a sa hannu. Katin farko ya zama kyauta, ko ajiyar da ake mayarwa. A iya zuba masa kuɗin tafiya ɗaya tak, da tsaba, a tasha, babu lada. A sa iyakar yini da ta mako ga kowa tun ranar farko, sauya mota cikin awa ɗaya ko biyu kuma ya zama biya ɗaya. A buga kamashon kamfani a jarida, a faɗi asusun da ragowar kuɗin jama'a ke kwana da wanda ke cin amfaninsa, kowane ƙarin farashi kuma a sanar da shi makonni kafin ya fara aiki. Mutumin ƙauye da ya kawo marar lafiya asibiti a birni, wanda ba zai sake shiga motar ba sai baɗi, a bar masa hanyar biyan tafiya ɗaya a kan farashin kowa.

Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida da Landan ta shigo da ita a 2014, lokacin da za ta hana tsaba a bas: wanda kuɗin katinsa bai kai na mota ba, matuƙar ba a bin katin bashi, na'ura za ta bar shi ya yi tafiya ɗaya, a cire idan ya sake zubawa. A garin da wuta ke ɗaukewa, sabis ke yankewa, mai POS kuma ke rufe rumfarsa da isha'i, ma'aikaciyar da ta tashi aiki ƙarfe 9 na dare a tsakiyar Abuja, za ta Mararaba, da naira 200 a katinta, tana buƙatar wannan ƙa'ida fiye da mutumin Landan, kuma ya kamata a tabbatar na'urar da za a sayo tana iya aiki da ita ko da babu intanet.